Batirin zuciya ga mai yawan suma: na wane kamfani ya fi?

Da zarar likita ya ce wa iyali sai an sa wa mahaifinsu ko mahaifiyarsu batirin zuciya, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa zuciya bugawa idan ta yi jinkiri, muhawarar da ke ɓarkewa a gida ita ce wai na wane kamfani za a saya. Wani ya ce Medtronic ne uban tafiya, wani ya ce a'a na Jamus ya fi ƙarko, ɗan'uwan da ke Dubai ya bugo ya ce kar a kuskura a sa komai sai sabon nan da ba shi da igiya. Su kuma masu jinya a nan Abuja an bar su tsaka mai wuya, ga miliyoyin naira ana nema, ga mara lafiya yana faɗuwa ba sallama, ga kowa ya zama likita a guruf ɗin dangi.

Ni dai abin da na fahimta shi ne sunan kamfani yana da nasa tasirin, amma ba shi ne tambayar farko ba, ba ma shi ne ta biyu ba. Kafin a zo kansa sai an san me ke sumar da mutumin, wane irin batiri ya dace da cutarsa, sannan wa zai riƙa duba masa abin bayan an sa. Wannan ta ƙarshen ita ce mutanenmu suka fi mantawa da ita, kuma ita ce ke cin su daga baya.

Me ya haɗa suma da bugun zuciya?

Zuciya tana da wutar lantarkinta ta kanta. Akwai ɗan wani gurbi a ɗakinta na sama ta hannun dama da ke sakin wutar, wutar ta bi ɗakunan sama biyu su matse, ta ratsa ta wata mahaɗa a tsakiya, sannan ta gangara ɗakunan ƙasa biyu waɗanda su ne ke tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Babban mutum mai lafiya idan yana zaune zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya.

Matsalar tana zuwa ta hanya biyu galibi. Ko dai gurbin saman ya gaji, yawanci saboda tsufa, ya riƙa jinkiri ko ya yi shiru na wasu daƙiƙoƙi. Ko kuma mahaɗar tsakiyar ta toshe, saman yana aiko saƙo amma ba ya isa ƙasa. Idan toshewar ta cika, ɗakunan ƙasa sai su koma lallaɓawa da kansu, bugu 30 ko 40 a minti, wani lokacin ƙasa da haka, wani lokacin ma su tsaya cak na ɗan lokaci. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta da haƙuri, idan jini ya yanke mata na kamar daƙiƙa 6 zuwa 10 mutum ya tafi kenan.

Irin wannan sumar tana da kamanninta. Dattijo yana tsaye a sahu lafiya lau, ko Hajiya tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, ba jiri ba tashin zuciya ba komai, kawai sai ka ji yif. Fuska ta yi fari fat, wani lokacin hannu ko ƙafa su ɗan fizga, kafin a kawo buta a yayyafa ruwa ya buɗe ido yana cewa me ya faru kuka taru a kaina haka. Fizgar nan ita ke sa a ce farfaɗiya ce, saurin farfaɗowar kuma ya sa wasu su ce iska ce ta buge shi, sai a tafi wajen malam a yi ta ruƙya wata da watanni. Ba wanda ya hana addu'a, amma don Allah a ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa a duba agogo a ƙirga bugun na minti ɗaya cur. Idan ana samun talatin da wani abu ga wanda ke faɗuwa, ranar za a tafi asibiti, ba sai an jira Yaya ya dawo daga tafiya ba.

Ba kowace suma ce ke son batiri ba

Nan ne kuɗi ke iya tafiya a banza. Sumar da ta fi yawa a duniya ita ce wadda jijiyoyin jiki ke sakin jiki lokaci guda, hawan jini ya faɗi, bugu ya ragu, kamar ta ɗalibar da ta daɗe tsaye a rana a asambili, ko wanda ya ga jini a wajen haɗari, ko mai azumi da ya miƙe zumbur. Ita wannan tana sallama, mutum zai ji zufa da jiri, ido ya yi duhu, kunne ya toshe. Yawancin masu ita ruwa da sanin abin da ke tayar musu da ita da kwanciya da sun ji alamar sun ishe su.

Akwai kuma magani. Masu hawan jini da yawa a ƙasar nan suna shan atenolol ko bisoprolol, wasu masu ciwon zuciya suna shan digoxin, kuma duk suna rage gudun zuciya. Tsoho ya je kemis a ƙara masa wani a kan wani, ga ƙoda ta fara rauni, sai bugu ya faɗi. Sinadarin fotashiyam idan ya yi yawa a jini saboda ciwon ƙoda shi ma yana yin haka, haka ma raunin maƙoƙon wuya da ke sarrafa kuzarin jiki. Waɗannan gyara su ake yi, ba batiri ake sa musu ba. Sai faɗuwar suga ga masu shan maganin suga, sai farfaɗiyar gaske. Akwai kuma sumar da gudun zuciya fiye da kima ke kawowa, ba jinkiri ba, wannan ta fi haɗari kuma na'urarta daban, ana ce mata ICD, ita tana iya ba zuciya shokin don ta dawo hanya. Idan aka sa wa irin wannan mutumin batiri na yau da kullum ba a yi komai ba.

Shi ya sa likitan zuciya zai fara da ECG, wato gwajin da ke zana wutar zuciya a takarda, ya yi gwajin jini, ya yi hoton zuciya na eko. Idan ECG bai kama komai ba, tunda abin zuwa yake ya tafi, sai a maƙala wa mutum wata na'urar naɗar bugu da ake ce wa Holter ya kwana da ita awa 24 ko 48. Idan sumar sai bayan watanni take zuwa akwai 'yar ƙaramar na'ura da ake sakawa ƙarƙashin fatar ƙirji tana naɗar bugu har kusan shekara uku. Akwai kuma gwajin gado mai miƙewa, a ɗaure mutum a tayar da gadon ana kallon bugunsa da hawan jininsa. Kafin ku biya ko sisi ku tambaya kai tsaye, likita me aka kama a takarda, a nuna mana. Likitan kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Iri ya fi suna muhimmanci

Shi batirin ɗan akwati ne na ƙarfen titaniyam, nauyinsa giram 20 zuwa 30, ana binne shi ƙarƙashin fata a ƙasan ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, galibi ta hagu. Daga jikinsa siraran igiyoyi ke bi ta jijiyar jini har cikin zuciya. Aikin awa ɗaya ne zuwa biyu, allurar kashe zafin wurin ake yi, mutum idonsa biyu, ba a tsaga ƙirji kamar yadda mutane ke tsoro. Kuma ba kullum yake buga zuciyar ba, sauraro yake, idan ta buga da kanta ya ƙyale ta, idan ta yi jinkiri ya tura 'yar wuta.

Akwai mai igiya ɗaya, akwai mai biyu, ɗaya a ɗakin sama ɗaya a ƙasa, akwai mai uku na waɗanda zuciyarsu ta raunana ta kumbura. Ga mai toshewar mahaɗa ko gajiyar gurbin sama yawanci mai igiya biyu ake so, saboda yana sa sama da ƙasa su yi aiki a jere yadda Allah ya tsara. Wanda ɗakunan samansa suka daɗe suna karkarwa ba tsari kuwa igiya ɗaya a ƙasa ta wadatar da shi. Bambancin da ke tsakanin mai ɗaya da mai biyu ga lafiyar mutum ya fi bambancin da ke tsakanin kamfani da kamfani nesa ba kusa ba, kuma a nan ne ake yawan rage tsada a sa mai ɗaya saboda aljihu. Ba laifi ba ne idan haka ƙarfin ya kai, yana ceton rai, amma a sani ana sane aka zaɓa.

Shi kuma marar igiyar da ake ta yayi, Medtronic ta samu izinin sayar da nata mai suna Micra a Amurka a 2016, Abbott ta biyo da Aveir a 2022, mai aiki a ɗakuna biyu kuma a 2023. Ta jijiyar cinya ake shigar da shi a dasa cikin zuciyar kanta. Yana da amfani sosai ga wanda jijiyoyinsa suka toshe ko ya taɓa samun ƙwayar cuta a wurin da aka binne masa batiri a ƙirji, kamar wasu masu wankin ƙoda, amma tsadarsa ta ninka, masu iya sa shi kaɗan ne, kuma ba kowace cuta ya dace da ita ba.

To su kamfanonin fa?

Manyan biyar ne. Medtronic da aka kafa a Amurka a 1949, Abbott wadda ta saye St. Jude Medical a 2017, shi ya sa za ka ga tsofaffin marasa lafiya katinsu na ɗauke da sunan St. Jude, Boston Scientific wadda ta saye Guidant a 2006, Biotronik ta birnin Balin a Jamus tun 1963, sai MicroPort ta Chaina wadda a 2018 ta karɓi sashen batirin zuciya na LivaNova, wato tsohuwar Sorin.

Ga mai toshewar mahaɗa da ke suma, gaskiyar magana duk biyar ɗin za su yi masa aikin. Duk suna da masu igiya biyu, duk suna da waɗanda za a iya shiga na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI da su bisa sharuɗɗa, duk batirinsu na kai kamar shekara 7 zuwa 12, wasu su wuce. Kuma tsawon ran batiri ba sunan kamfani kaɗai ke yanke shi ba, wanda zuciyarsa ta dogara da na'urar kowane bugu zai cinye nasa kafin wanda sau ƙalilan ake taimaka masa a rana, sannan yadda igiyar ta zauna da yadda aka saita ƙarfin wutar duk suna ciki. Lambar da dila zai nuna maka a takardar talla lissafi ne na yanayi mai kyau.

Haka batun matsala, ba wanda hannunsa ke da tsarki. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka sabunta manhajar batiran Abbott kusan 465,000 saboda tsoron masu kutse. A 2019 ta yi gargaɗi kan wasu na Medtronic da batirinsu ke iya ƙarewa da wuri. A ƙarshen 2024 Boston Scientific ta yi kiranye kan wani rukuni na samfurinta Accolade. Duk wanda ya ce maka kamfaninsa bai taɓa samun matsala ba kasuwa yake ci.

Inda bambanci ya fito da gaske wuri biyu ne. Na farko shi ne masu sumar sakin jijiyoyi ɗin nan da na ambata, ƙalilan daga cikinsu, waɗanda suka haura shekara 40, suke faɗuwa akai-akai har suna jin rauni, kuma aka kama zuciyarsu tana tsayawa lokacin sumar. Su ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2021 sun yarda a sa musu mai igiya biyu. Biotronik tana da wata fasaha, CLS, da ke jin yadda tsokar zuciya ke matsewa ta fara ɗaga bugu tun kafin mutum ya tafi. A binciken BIOSync da ya fito a 2021 kan mutum 127, suma ta dawo wa kashi 16 cikin ɗari na waɗanda aka kunna wa na'urar, ta dawo wa kashi 53 na waɗanda aka bar tasu a kashe. Medtronic ma tana da nata tsarin da ke lura idan bugu ya faɗi kwatsam, kuma binciken ISSUE-3 na 2012 ya nuna suma ta dawo wa kashi 25 na waɗanda aka kunna wa da kashi 57 na waɗanda aka kashe wa cikin shekara biyu. A lura fa, duk biyun kunnawa da kashewa aka gwada, ba kamfani da kamfani aka kara ba. Duk da haka likitoci da yawa sun fi karkata ga CLS ga irin waɗannan mutanen, kuma ina ganin suna da hujja. Sai dai batiri bugu yake gyarawa ba faɗuwar hawan jini ba, don haka wasu za su ci gaba da jin jiri ko da an sa.

Na biyu shi ne wanda zuciyarsa ba ta iya ƙara gudu idan ya motsa, ya hau bene biyu a sakatariya yana haki. Yawancin na'urorin girgizar jiki suke ji su ɗaga bugu, wanda ke nufin Keke Napep a hanya mai gargada zai iya ruɗa su su ɗauka gudu kake, su kuma kasa gane wahalar mai tuƙa keken hawa da ƙirjinsa ba ya motsi sosai. Boston Scientific da MicroPort suna haɗawa da auna numfashi. Ga matashi ko mai aikin ƙarfi wannan abin tattaunawa ne da likita. Ga Baba mai shekara 80 da zirga-zirgarsa daga ɗaki zuwa masallaci ce, kusan ba ruwansa da wannan.

Wa zai karanta maka shi?

Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna. Kowane kamfani yana da kwamfutarsa ta musamman da ke magana da batirinsa, ta Medtronic ba ta saita na Biotronik, ta Abbott ba ta saita na Boston. Kuma batiri ba a sa shi a manta, ana dubawa 'yan makonni bayan aiki, daga nan duk wata shida zuwa shekara har ƙarshen rayuwa. Mutum zai kwanta ko ya zauna, a ɗora masa wani abu mai kamar faifai a kan kumburin ƙirjin, allo ya kawo shekarun da suka rage wa batirin, kashi nawa na bugunsa na'urar ce ke yi, lafiyar igiyoyin, har da ranar da zuciyar ta yi wani gudu da ƙarfe nawa ne. Idan Hajiya ta ce likita ranar Laraba na ji kaina ya juya, zai iya komawa ranar ya ga ko zuciya ce ko ba ita ba.

Yanzu ka ɗauki wanda aka kai Indiya ko Masar aka sa masa na wani kamfani, aiki ya yi kyau, aka dawo gida ana ta barka. Bayan wata takwas ya sake faɗuwa, aka kai shi asibitin da ke kusa, likita ya karɓi kati ya duba ya ce ranka ya daɗe ba mu da kwamfutar wannan, sai an nemo wakilinsu daga Legas. Kamar wanda ya sayo tsadaddiyar motar da duk kasuwar kayan mota ta Apo ba mai kayanta ne. Idan kuma mara lafiyan a Jos yake ko Lafiya ko Minna, ga kuɗin mota ga wahalar hanya a kan tsoho duk lokacin dubawa.

Saboda haka kafin a zaɓa, ko a Babban Asibitin Ƙasa kuke ganin likita ko a na koyarwa da ke Gwagwalada ko a na kuɗi, ku tambayi likitan da zai ci gaba da riƙe mara lafiyan kwamfutar wane kamfani ke hannunsa ko yake iya samu cikin kwana ɗaya, kuma da wanne ya fi sabawa. Idan waje za a fita, a yi wannan tambayar tun kafin a sayi tikiti, a je can a ce ga wanda muke so. Hannun da ya saba ma yana da nasa, yawancin matsalolin da ake samu bayan aiki, ƙwayar cuta a wurin, igiya ta goce, iska ta shiga gefen huhu, ba su da alaƙa da tambarin da ke jikin akwatin.

Kamfanonin suna da tsarin aika bayanai daga gida ta wayar salula ko wata 'yar na'ura a gefen gado, kuma dila zai yi maka ado da wannan. Ka tambaye shi wa zai riƙa buɗe saƙon a Abuja. Idan ba asibitin da ya yi rajistarka a tsarin, saƙon ba inda zai je.

Kuɗi, da batun na hannu

Duk daga waje ake shigo da su da dala, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin ya yi tashin gwauron zabi. A nemi lissafi a rubuce, na akwati daban, na igiyoyi, na ɗakin aiki, na kwanciya, da na dubawa nan gaba. Masu inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ko ta wurin aiki su je su ji abin da tsarinsu ya ɗauka tun da wuri, kar su ɗauka an gama.

Akwai kuma waɗanda aka cire daga jikin mamata a ƙasashen waje da sauran batiri mai yawa, a wanke a kashe ƙwayoyin cuta a gwada a ba marasa ƙarfi. Jami'ar Michigan a Amurka tana da shirin My Heart Your Heart, a Ingila akwai ƙungiyar Pace4Life. Wani bincike daga Kanada da ya fito a 2020 kan mutum sama da dubu ɗaya bai ga wani bambancin a zo a gani ba wajen kamuwa da ƙwayar cuta tsakaninsu da sababbi. Ga wanda zaɓinsa ko wannan ko babu, abin tambaya ne. Amma ta hannun likita da shirin da aka sani, ba ta hannun wani da ya ce yana da hanya ba.

Bayan an sa

Makonni huɗu zuwa shida na farko ba a ɗaga hannun ɓangaren sama da kafaɗa, ba ɗaukar jarka ba daka, har igiyoyin su kama. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa, ko zazzaɓi ya zo, asibiti za a koma, kar a shafa man zafi ko a sayi kafso a kemis. Wayar salula a bar tazarar santimita 15 tsakaninta da batirin, wato ban da aljihun gaban kaftani na wannan ɓangaren, a kuma amsa kira da ɗaya kunnen. Mai walda da mai gyaran janareta ko injin mota yana aiki su faɗa wa likita sana'arsu tun kafin aiki. Tuƙi sai likita ya ba da izini, musamman direban haya. Katin da za a bayar mai ɗauke da sunan kamfani da lambar samfuri da ta igiyoyi a ɗauki hotonsa a tura wa 'ya'ya biyu ko uku, a filin jirgin Nnamdi Azikiwe ma shi za a nuna wa masu bincike.

Idan batiri ya kusa ƙarewa yana ba da sanarwa a kwamfuta watanni kafin ya mutu, sai a buɗe wurin a canza akwatin kawai a bar igiyoyin idan lafiyarsu ƙalau. Bakin igiyoyin batiri na yau da kullum iri ɗaya ne a duk kamfanonin, don haka wanda aka sa wa na wani kamfani a Indiya zai iya komawa wanda ake iya karantawa a Abuja a wannan lokacin, sai dai a tambayi likita ko haɗin gambizar zai shafi izinin shiga MRI.